Mota Mai Turbo Ta Daina Ja: Ta Ina Ake Fara Bincike?

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shi ne shirinmu na faɗakarwa kan mota da lafiyarta.   Alhazai da hajiyoyi masu motocin hawa, ku matso kusa da rediyo, don shirin yau ya shafi aljihunku kai tsaye.

Maganarmu ta yau a kan mota mai turbo ce. Me ke sa ta wayi gari ba ta ja? Ta ina ake fara neman dalili? Sannan mu taɓo batun da ya fara karɓuwa a wurin matasa, wato sauya lissafin kwamfutar mota don a ƙara wa inji ƙarfi, abin da suke kira tunin.

A da, idan aka ce turbo, hankali kan tafi ga tirela da manyan motocin dizal. Motar gida kuwa, irin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, kafireto gare ta, kuma bakanike mai kunne da sukundireba ɗaya ya ishe ta. Yanzu zamani ya juya. Hilux mai dizal, Ford mai injin EcoBoost, Volkswagen mai TSI, Mercedes C300 daga 2015, dukkansu da turbo suke zuwa. Ku ɗauki Honda Accord ta 2018. Injinta lita 1.5 ne kacal, amma yana ba da ƙarfin doki 192, alhali wadda ta gabace ta mai lita 2.4 tana ba da 185. Ƙaramin inji ya kere babba, kuma turbo ne ya cike giɓin. Saboda haka duk ranar da turbo ya gaza aikinsa, abin da ya rage a hannunku ƙaramin inji ne yana jan babban bodi.

To, mene ne turbo ɗin? Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1905, amma ba ta shiga motocin hawa da ake sayar wa jama'a ba sai a 1962, a Amurka. Aikinsa ɗaya ne da na zuga-zugin maƙeri. Gawayi na iya cika maƙera, amma wuta ba ta yin ƙarfin da za ta narka ƙarfe sai an hura mata iska. Haka inji yake. Kowane giram ɗaya na fetur yana bukatar iska kimanin giram 14.7 kafin ya ƙone tas. Idan kuna son inji ya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi, dole ku cusa masa iska da yawa.

Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi da ke fita daga inji shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta matse ta ta tura cikin inji. Wannan sanda tana iya juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma zafin hayaƙin da ke dukan fankar a injin fetur yana iya haura digiri 900. Iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, shi ya sa ake bi da ita ta cikin intakula, wani abu mai kama da lagireto da ke gaban mota, ta huce kafin ta shiga. Akwai kuma wani bawul, westiget, wanda ke buɗewa ya karkatar da wani sashe na hayaƙin idan matsin iska ya kai iyakar da kwamfuta ta yanke.

Na yi wannan bayani ne don ku ga cewa turbo ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai filta, da tiyo-tiyo, da intakula, da bawul, da sensoci, da kwamfuta, da baƙin mai. Ɗaya daga cikinsu ya samu matsala, mota za ta daina ja, kuma a ji kamar turbo ne ya mutu. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Sau da yawa a sayi turbo sabo ko na Beljiyam da tsada, a ɗaura, a fita gwaji, mota tana nan yadda take, daga baya a gano wani tiyo ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce: a fara da abu mai araha da sauƙin dubawa, turbo shi ne na ƙarshe da za a tuhuma.

(Gajeren kiɗa)

Bincike yana farawa ne daga bakin mai mota, tun kafin a buɗe bonet. Idan kun je gareji, kada ku tsaya a “mota ba ta ja”. Ku faɗi yadda abin yake. Lokaci ɗaya ƙarfin ya ɗauke, ko a hankali ya riƙa raguwa cikin watanni? Da safe tana lafiya sai rana ta take? A hawa take yi, ko idan za ku wuce tirela? Idan kuka kashe ta kuka sake tayarwa, ƙarfin yana dawowa na ɗan lokaci? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci. Idan kwamfuta ta ga wani abu da zai iya illata inji, da kanta take rage ƙarfi, ta bar muku abin da zai kai ku gida ko gareji. Wannan kariya ce, kuma ba a magance ta da kashewa da tayarwa kullum.

Ku lura da hayaƙi. Baƙin hayaƙi, musamman a dizal, yana nufin mai ya fi iska yawa. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin baƙin mai ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga inda bai kamata ba. Ku kuma kasa kunne. Idan kuna jin huci kamar taya na sacewa duk lokacin da kuka taka totur, iska ce ke zurarewa. Idan kuwa kuka ji kuka mai kama da jiniya yana tashi tare da inji, to wannan ya fi kusa da turbo ɗin kansa.

Mataki na biyu, a sa mata kwamfuta. Tun daga 1996 duk motar da ake sayarwa a Amurka tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma sauran ƙasashe sun bi sahu. Ta nan mota ke faɗin abin da ta gani. P0299 na nufin matsin iska bai kai yadda ake so ba. P0234 na nufin ya wuce ƙima. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0300 na nufin inji yana mis. P0087 na nufin matsin mai ya yi ƙasa. 'Yan uwana makanikai, ina roƙonku abu biyu. Na farko, ku rubuta lambobin kafin ku goge su, mai mota ma ya ɗauki hotonsu a wayarsa. Na biyu, lamba tana nuna inda za a duba ne kawai. P0299 bai ce turbo ya mutu ba, cewa ya yi iska ba ta isa ba. A fita da motar kan titi da kwamfuta a haɗe, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na kallo, a kwatanta matsin da kwamfutar mota ke nema da wanda take samu. Tazarar da ke tsakaninsu ita za ta nuna hanya.

Mataki na uku, a bi hanyar iska daga farko har ƙarshe. A ƙasarmu, daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu ba ta ɗaga wa filta ƙafa. Wa'adin da kamfani ya rubuta na canza filtar iska an yi shi ne da titunan da ba su da ƙura irin tamu, don haka a riƙa duba ta a kowane juye. Busa ta da iskar mai faci yana iya huda takardar, kuma ƙurar da ta wuce ta wannan huda kai tsaye take zuwa kan fankar da ke juyawa da wancan gudu da na faɗa, ta riƙa cin bakinta. Bayan filta akwai sensar da ke auna iska. Idan ta yi datti sai ta ba kwamfuta lissafin ƙarya. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, ba da fetur ba, kuma ba a taɓa siririyar wayar da ke cikinta da hannu.

Daga nan sai tiyo-tiyo da intakula. A duba kowane kilif. A matsa kowane tiyo da hannu a juya shi, don tsagewa takan ɓuya a lanƙwasa, ba ta buɗewa sai iska ta matsa. Wurin da kuka ga danshin baƙin mai ya kama ƙura a jikin tiyo ko a kusurwar intakula, a nan iska ke fita. Gareji mai na'urar tura hayaƙi cikin bututu zai gano wurin cikin mintuna kaɗan. Inda babu ita, a toshe hanya a tura iska kaɗan a fesa ruwan sabulu, kumfa zai nuna. Sai kuma ƙananan tiyo masu kaurin fensir da ke zuwa westiget, da ɗan bawul na lantarki da ke sarrafa shi. Zafi yana busar da su su karye. Idan westiget ya maƙale a buɗe, hayaƙi zai bi ta gefe ya bar fanka, turbo lafiyarsa ƙalau amma ba abin da zai tura. A injinan dizal na zamani kuma akwai wasu 'yan fukafukai a cikin turbo da ke sauya kusurwa. Idan mota ba ta fita daga cikin gari, toka takan daskare ta riƙe su, kuma sau da yawa wankewa ce maganinsu.

Mataki na huɗu, mai da wuta. Inji mai turbo ya fi jin ƙishi a daidai lokacin da kuka danne totur, don haka filtar mai da ta fara toshewa ko famfon da ya gaji ba za su nuna a sulo ba, sai a hawa. Injin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da ke kai ma'aunin bar 1,600 zuwa 2,000. Nozul da ke aiki a irin wannan matsi ba ya jure ruwa ko datti, shi ya sa sayen mai a jarka a bakin titi ya fi haɗari ga waɗannan motoci. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba, da irin motocin da ya kwantar.

Fulogi ma haka. Tartsatsi yana shan wuyar tsallakawa a cikin iskar da aka matse, don haka fulogin da ya tsufa ko kwayil da ya raunana zai yi aiki a cikin gari, amma da zarar turbo ya buɗe sai mota ta fara fizga. A sa irin fulogin da kamfani ya ce, da tazarar da ya ce. Idan kuka ga fitilar cek injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ku ɗaga ƙafa ku nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai ne ke tafiya salansa yana ƙona katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa.

Wannan ya kawo mu mataki na biyar, hanyar fitar hayaƙi. Idan katalis ya narke ya toshe, hayaƙi ba zai fita ba, fanka ba za ta juya da ƙarfi ba. Alamarsa ita ce mota tana tashi lafiya amma tana ƙara shaƙewa yayin da gudu ke ƙaruwa. Da yawa sukan ce a fasa shi a zubar. Ku sani katalis ba ya narkewa haka kawai, akwai mis ko yawan mai da ya kashe shi, kuma wannan matsala tana nan ko an cire shi. Ga kuma gubar hayaƙin da yake tacewa, wadda za ta koma huhun mai talla da ɗan makaranta da ke bakin titi.

Kafin a taɓa turbo, a tabbatar ma laifin na inji ne. Kulocin da ke sulɓi yana sa inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Birkin da ya kama yana riƙe mota, kuma za ku ji zafi na tashi daga wannan ƙafar bayan tafiya.

Sai bayan duk wannan a cire tiyon gaban turbo, inji a kashe kuma a huce, a taɓa fankar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin a kan baƙin mai sandar ke shawagi. Amma idan tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, ko bakin fukafukanta ya ɓantare, to turbo ya gama aiki. A nan ma akwai tambayar da ta wajaba: me ya kashe shi? A yawancin lokuta amsar tana cikin uku, ko baƙin mai bai isa gare shi ba, ko mai datti ne, ko wani abu ya faɗa ciki. Duk wanda zai ɗaura sabo, ya canza ko ya wanke siririn bututun da ke kai masa mai, ya wanke intakula, ya yi juye da sabuwar filta, ya zuba ɗan mai a cikin turbo ɗin kafin ya tayar. In ba haka ba, abin da ya ci na farko zai ci na biyu.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan mota mai turbo, kuma mun iso batun tunin.

Gaskiya ne inji mai turbo yana karɓar ƙari fiye da wanda ba shi da shi, domin kwamfuta ce ke yanke yawan matsin iska, da yawan mai, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Wanda ya iya shiga ya sauya waɗannan lambobi zai iya fito da ƙarfin da ba a taɓa ji a motar ba. Abin tambaya shi ne, daga ina ƙarfin ya fito? Kamfani da gangan yake barin rata tsakanin abin da inji ke yi da abin da zai iya ɗauka, saboda ranar da za a sha mai maras kyau, ko a yi lodi, ko a shiga zafi. Mai tunin daga wannan rata yake yankowa. Mu kuwa a nan kusan kullum cikin wannan rata muke rayuwa.

Ku duba fetur. A Turai gidan mai yana sayar da mai lamba 95 da mai lamba 98, kuma yawancin fayilolin tunin da ake saukewa daga intanet da su aka rubuta su. A gidajen manmu famfo ɗaya ne, ba a tambayar ku wanne kuke so. Wannan lamba tana nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. Idan ya fashe kafin lokacinsa, fistin yake duka. Akwai sensar da ke jin wannan duka, sai kwamfuta ta ja da baya ta rage ƙarfi don ta ceci inji. Idan an ƙara matsi har ya fi ƙarfin wannan kariya, sai rin ya karye ko kan fistin ya huje.

Ku duba zafi. A Sakkwato da Maiduguri, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40. Iska mai digiri 45 ta fi mai digiri 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin 100, kuma da ita intakula zai sanyaya iskar da ke shiga inji. Shi ya sa motar da ke lafiya ma takan ɗan yi nauyi da tsakar rana. Lissafin da ya zauna daidai a sanyin Jamus yana iya wuce gona da iri a hanyar Damaturu da azahar.

Ga wanda ya ce duk da haka yana so, ga sharuɗɗa. Ba a yi wa inji maras lafiya tunin. Motar da ba ta ja gyara take bukata, kuma ƙara matsi a kan tiyon da ke yoyo ko famfon da ya gaji yana sa turbo ya yi ta gudun wuce sa'a har ya hallaka. A auna matsin kowace silinda tukuna. A adana lissafin asali na kamfani, a ba mai mota kwafinsa, don a iya komawa. A rubuta lissafin da man da za ku riƙa sha, a gwada shi da rana, ba da sanyin asuba ba. A ɗauki bayanan inji kafin aiki da bayansa, a ga ko kwamfuta tana ja da baya. A tambayi iyakar abin da kuloci da giya za su ɗauka, domin su ba a sauya musu lissafi. Duk mai tunin da ya kashe fitilar cek injin don kada ta dame ku, ko ya toshe tiyon westiget don matsi ya hau, ku ɗauke motarku daga wurinsa.

Akwai kuma abin da ya fi inji daraja. Ƙarin ƙarfi ba ya ƙara wa birki da taya komai. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya tana ninkawa huɗu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sa iyakar kilomita 100 a awa ga motar gida a kan babban titi mai hannu biyu, kuma duk motar da muka ambata a shirin nan tana kai wannan gudu cikin sauƙi yadda ta fito daga kamfani. Ƙannena matasa, titin da kuke gwada mota a kai, iyayen wasu da 'ya'yan wasu ne ke tsallaka shi.

Yawancin masu neman tunin, ƙarfin da motarsu ta zo da shi ne ya zube a hanya, kuma kulawa ce ke dawo da shi. Ku sa baƙin man da littafin mota ya ce, ko 0W-20 ne ko 5W-30, kada a ce muku mai kauri ya fi dacewa da zafinmu, domin hanyoyin man turbo sirara ne. Ku yi juye a kan lokaci. Kada ku yarda a cire tamostat, kuma ku sa ruwan lagireto na ainihi maimakon ruwan famfo. Da safe ku tafi a hankali har inji ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya ko hawa, ku bar shi a sulo minti ɗaya ko biyu kafin ku kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare. Ranar da ta daina ja kuma, ku bi tsarin da muka zayyana: bayanin mai mota, kwamfuta, iska, mai da wuta, salansa, sannan turbo.

A nan lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba giya mai canza kanta da irin man da ya dace da ita. Kafin nan, a tuƙa da hankali, a ɗaura bel. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. 

(Kiɗan rufe shiri)